Bikin Kaka da Sana'ar Hannu a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi: Abin da Mutanen Bali Suka Riƙe, Mu Muka Saki

Wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi ta Bakori a watan Nuwamba zai ga arzikin ƙasar nan a fili. Masara ta shiga buhu, dawa ta nuna tana jiran yanka, ana bugun waken suya a bakin gona, manyan motoci kuma na lodi a kasuwar Ɗandume za su yi Kudu. Hatsin da ke fita daga yankin a yau ya fi na zamanin kakanninmu nesa ba kusa ba. Amma da wuya matafiyin ya ji ganga, ko ya tarar da dandali cike da samarin ƙauyuka uku huɗu sun haɗu kalankuwa. In ya tsaya ya nemi masaƙi ko marini, sai an yi ta nuna masa hanya kafin ya dace da wani tsoho guda.

Mutane kan ɗauki waɗannan a matsayin asara biyu daban: biki ya mutu, sana'a ta mutu. A ganina asara ɗaya ce. Bikin kaka shi ne kasuwar farko ta mai sana'ar hannu da mai abincin gargajiya, kuma shi kansa bikin daga aikin gayya na damina yake samun mutanensa. Da aka tsinke wannan igiya, duk abin da ke rataye a jikinta ya zubo.

Masana tarihi, cikinsu har da marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, wanda ya rubuta tarihin ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, suna kiran kudancin nan Katsina Laka, saboda ƙasar tana da laka mai riƙe ruwa. Tsoffin garuruwa irin su Maska da Gozaki sun yi suna tun kafin jihadi, har yau kuwa hakimin Funtuwa Sarkin Maska ake ce masa, na Malumfashi kuma Galadiman Katsina. Ƙasar auduga ce, auduga kuwa ba ta zama tufafi sai ta ratsa hannaye da yawa. A da, tsohuwa za ta gurje ta a magurji, ta shiɓe, ta kaɗa da mazari ta fitar da zare da abawa. Masaƙi ya zauna da allera da ƙoshiya ya saƙa fari ko saƙi, matan aure su saƙa gwado a cikin gida, marini ya tsoma a baba, mabugi ya buga har ya yi sheƙi, maɗinki ya ɗinka. Kowannensu manomi ne da damina, mai sana'a da rani, kuma dukkansu lokaci guda suke jira. Har gobe in ka bi Bakatsinen kudu bashi, ko ka tambaye shi yaushe zai aurar da 'yarsa, amsar ita ce, “Sai kaka, in Allah ya kai mu.” A kaka ake biyan bashi, a kai kayan aure, a ɗinka sabuwar riga, a sayi turmi da taɓarya da akushi wurin masassaƙi, a sayi faifai da tabarma da tukunyar da za a kai ɗakin amarya.

A da, a tsakiyar wannan hada-hada kalankuwa take zaune. Samarin gari ke shirya ta ƙarƙashin Sarkin Samari, 'yan mata kuma da tasu shugabar. Za a aika goron gayyata ƙauyukan maƙwabta, baƙi su zo a rarraba su gida-gida, kowane mai masauki ya ciyar da nasa har a watse. Ana kwanaki ana kiɗa da rawa da kokawa. Abin da ya fi jan hankalin masu nazarin wasan kwaikwayo shi ne sarautun da samari ke naɗa wa junansu: akwai Sarki da Waziri da Alƙali, da zuwan Turawa kuma aka ƙara Gwamna da Razdan da Di'o da Likita da 'yan sanda. Alƙalin kalankuwa kan zauna ya yi shari'a, ya ci tarar wanda ya makara ko ya yi rashin ladabi a dandali, kuɗin ya shiga asusun samari. Wasa ne, amma a cikinsa yaro ke koyon yadda ake tara jama'a, a tsara magana gaban manya, a riƙe amanar kuɗin da ba naka ba, a sauki baƙo a sallame shi da mutunci. Ban san wata makaranta a ƙauye da ta gaji wannan darasi ba bayan kalankuwa ta kau.

A dubi kuma inda kuɗin bikin ke tafiya. Saurayi ba zai shiga dandali da tsohuwar riga ba, budurwa ba za ta fito ba kitso ba lalle ba sabon zane. Makaɗa su samu, maroƙa su samu, mai gyaran ganga ya samu. Mahauta, waɗanda asalin dambe nasu ne, kan bi ƙauyuka a wannan lokaci, su yanka dabba su kafa tukuba da rana, da yamma su ɗaure hannu su shiga fage. Kuɗin hatsi kan zaga gari sau da yawa kafin ya fita daga cikinsa. Mata ma suna da nasu fagen a cikin gida. Kiɗan amada da marigayiya Barmani Coge ta Funtuwa ta kai ko'ina a ƙasar Hausa kafin rasuwarta a 2013, ƙwarya ce kawai aka kifa, wata a ruwa wata a ƙasa, wato kayan kiɗan daga madafa suka fito. Mamman Shata kuwa, wanda aka haifa a Musawa ya zauna a Funtuwa har ya rasu a 1999, a dandalin ƙauye ya fara waƙa kafin rediyo ta san da shi. Irin waɗannan mutane ba sa tsirowa inda babu dandali.

Abinci ma yana da nasa jadawalin. Tumu ne ke buɗe kaka, a gasa sabon gero yara su murza su ci, daga nan gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa su biyo baya. In sanyi ya shigo, rake da mazarƙwaila su taso daga fadamun wajen Ɗanja. Ranar taro kuwa akwai abin da ya dace da ita: tuwon dawa da miyar kuka ga masu gayya, fura da kunun zaƙi a kai gona, funkaso da miyar taushe ko waina ranar suna da Sallah, faten tsaki da yakuwa ko dambu da zogale ga taron mata, alkaki da nakiya a garar amarya. Yawancin waɗannan ba girkin mutum ɗaya ba ne. Nakiyar gara sai maƙwabta sun taru sun yi layi a turmi, kuma a wurin dakan ne yarinya ke ganin yadda ake yi. In taron ya ɗauke, ilimin ya tsaya a kan tsofaffi.

Tushen duka shi ne gayya. Samarin da suka yi layi a kunya ɗaya da damina, makaɗin gangar noma na bin su a baya yana zuga gwani, su ne dai ke naɗa wa juna sarauta a kaka. Wanda ke neman aure kan kwashi abokansa su yi wa surukinsa noma, gobe shi ma ya rama wa wani. Sarkin Noma da ya ɗaure dami dubu bai ɗaure shi da hannunsa kaɗai ba. Kalankuwa hutun mutanen da suka gaji tare ne.

Rushewar ba rana ɗaya ta zo ba. Kamfanin auduga na Ingila, BCGA, wanda aka kafa a 1902, ya sa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, auduga ta fara tafiya ɗanya tana dawowa a matsayin yadi. Duk da haka masaƙa sun jure shekaru da dama, domin amarya na bukatar gwado, dandali na bukatar saƙi. Babban sauyi ya zo ne da shirin bunƙasa noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa wa daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa 1980, tare da takwarorinsa na Gusau da Gwambe. Shirin ya kawo takin zamani mai rahusa, ingantaccen iri, hanyoyin karkara da madatsun ruwa, ya mai da masara daga abin shukawa a bayan gida zuwa babbar hajar kasuwa. Ba mai hankalin da zai ce wannan sharri ne, domin ya cika rumbuna ya gina gidajen kwano. Sai dai noman kasuwa da lissafi yake tafiya. Ƙwadago ya maye gurbin gayya, garmar shanu da tarakta suka rage hannayen da ake bukata, daga baya maganin feshi ya zo ya kashe noman fartanya kusan gaba ɗaya. Mutum ɗaya da jarkar feshi a baya ba ya bukatar makaɗi, kuma ba ya bin kowa bashin gumi. Samari kuwa da an gama girbi sai su hau mota zuwa Abuja ko Legas, ba su dawowa sai ruwa ya sauka.

Sai batun malamai, wanda dole a faɗe shi da adalci. Tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ake sukar cuɗanyar maza da mata a wurin kiɗa, kuma sukar na da hujja. Kalankuwa ta ƙunshi tsarance, ta ƙunshi caca, a yankunan da ke maƙwabtaka da Maguzawa, waɗanda suke da yawa a ƙasar Malumfashi da Ƙafur, har da giya. Da wa'azi ya ƙarfafa daga ƙarshen shekarun 1970, aka kuma ƙaddamar da shari'a a Jihar Katsina a 2000, iyaye da yawa sun hana 'ya'yansu fita dandali, kuma ban ga laifin uban da ya tsare mutuncin 'yarsa ba. Inda nake da ja shi ne ba a tsaya an tace ba. An hana tsarance, an haɗa da kokawa da kotun samari da saukar baƙi da kasuwar masu sana'a, ba a kuma kafa komai a gurbinsu ba. Saurayin da aka raba da dandali bai koma masallaci ya zauna ba, da yawa majalisar bakin titi da gidan kallon ƙwallo suka karɓe su.

Abin da ya rage kuma rashin tsaro ya ƙarasa shi. Bayan sace ɗaliban makarantar sakandaren Ƙanƙara sama da 300 a Disambar 2020, da katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar a 2021, ba wanda zai tara matasan ƙauyuka da dare a Faskari ko Sabuwa yana kiɗa. Akwai ƙauyukan da sai an biya 'yan bindiga kafin a yi girbin ma.

A nan labarin tsibirin Bali na ƙasar Indunusiya yake da amfani, domin su ma manoma ne, kuma guguwar da ta taɓa mu ta taɓa su a lokaci guda. Mutanen tsibirin sun ɗan haura miliyan 4, akasarinsu mabiya addinin Hindu ne a cikin ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a duniya. Bukukuwansu bautarsu ce, abincin bikinsu ma har da naman alade, don haka ba aƙida ko tukunyarsu nake cewa mu ara ba. Tsarin da ya riƙe sana'o'insu nake so a duba.

Suna da kalanda mai kwana 210, kuma duk zagayowarta ana bikin Galungan. Kowane gida sai ya kafa doguwar gora mai lanƙwasa a ƙofarsa, a yi mata ado da ganyen kwakwa da zangarniyar shinkafa. Kowace safiya mata na ajiye 'yan ƙananan kwanduna na ganye da furanni, wadda ba ta da lokacin saƙawa ta saya a kasuwa. Kowane wurin bauta na da bikin zagayowarsa, wanda ke bukatar makaɗa, masu rawa, masassaƙa da tufafin gida. Ga majalisar unguwa da suke kira banjar, wadda duk magidanci memba ne a cikinta: in aikin jama'a ya taso, ko sassaƙa ne ko yankan nama da kayan miya da asuba, wanda bai fito ba tara ce a kansa. Saboda haka maƙeran azurfa na ƙauyen Celuk, da masassaƙan Mas, da masaƙan Tenganan suna da mai saye na gida wanda kalanda ta wajabta masa saye, tun kafin baƙo ya sauka daga jirgi.

A shekarun 1970 gwamnatin Indunusiya ta kawo musu sabon iri da taki, aka umarci manoma su yi ta shuka ba hutu, su yi watsi da jadawalin ƙungiyoyin rabon ruwa na gargajiya da ake kira subak. Ƙwari da cututtuka suka yi wa shinkafa ɓarna, domin tsohon jadawalin ne ke sa a huta da gonaki lokaci guda har ƙwarin su rasa abinci. Masanin nan ɗan Amurka Stephen Lansing ya nuna haka a bincikensa, manoma suka koma kan jadawalinsu, a 2012 kuma hukumar UNESCO ta sa tsarin subak cikin abubuwan tarihi na duniya. Bambancinmu da su a nan yake: shinkafar fadama ba ta yiwuwa sai da rabon ruwa, don haka sabon noma bai iya raba su da juna ba. Masarar tudu kuwa ruwan sama take sha, kowa na iya nomanta shi kaɗai. Wannan ya sa gayyarmu ta faɗi da sauƙi, kuma yana nufin in muna son taro sai mun gina shi da gangan, gona ba za ta sake tilasta mana ba.

Masu kallon Bali daga nesa baƙin kawai suke hangowa, kuma gaskiya suna da yawa: sama da miliyan 6 daga ƙasashen waje a 2019. Amma an biya farashi. Gonakin shinkafa na komawa otal, ruwa na ƙaranci, shara ta yi yawa, an gutsure wasu raye-raye don su dace da mai tikiti. Rawar Kecak da ta fi shahara ma a shekarun 1930 aka tsara ta yadda take a yau, da hannun wani Bajamushe mai zane, Walter Spies. Da bam ya tashi a garin Kuta na tsibirin a 2002 ya kashe mutum 202, da kuma lokacin annobar korona, baƙi sun ɗauke ƙafa, masu sayar musu da tsaraba suka shiga wani hali. Galungan dai bai fasa zuwa ba, ko da an rage taro. Kuma duk shekara, ranar Nyepi, tsibirin kan yi tsit na awa 24, har filin jirgin sama a rufe, baƙo ya zauna a masaukinsa ko yana so ko ba ya so. Mutanen da ke iya rufe filin jirgi saboda ranarsu, su ke da bikinsu.

Wannan ne ya sa ban gamsu da yadda hukumomi ke farfaɗo da al'ada a wajenmu ba. A kwashi 'yan rawa a mota a kai su babban birni su yi wa manyan baƙi minti goma, ko a ware ranar al'ada a makaranta yara su aro gwado da akushi daga ɗakin kaka su mayar da yamma. Ba masaƙin da ya sayar da ƙyalle ɗaya saboda wannan. Bikin kamun kifi na Argungu da UNESCO ta amince da shi a 2016, da hawan Sallah na Kano da ya bi sahu a 2024, suna da fada da gwamnati a bayansu. Bikin manomin ƙauye ba shi da kowa sai mutanen ƙauyen. Maganar jawo 'yan yawon buɗe ido zuwa yankin da mazaunansa ke kwana da fargaba kuwa, ɗora kaya ne kafin a samu jaki.

Alhali taro bai ƙare mana ba. Ana aure, ana suna, ana Sallah biyu, ana saukar karatu, ana Maulidi da musabaƙa. Kuɗin da ake kashewa a cikinsu ya fi na da, sai dai ba ya kwana a gari. Ankon biki atamfa ce daga Kantin Kwari da aka saƙa a Sin, jeren amarya roba ne da tangaran, gara ta koma katan-katan na taliya da jarkar mai, abincin taro kuma shinkafa a robar ɗauka. Ban ce masaƙin hannu zai iya gasar farashi da masana'anta ba, ba zai iya ba, kuma talaka ba zai daina sayen mai araha don a yaba masa ba. Amma a Bali ma yadin masana'anta ne a jikin mutane ranakun aiki. Abin da ya raya masaƙansu shi ne akwai ranakun da ba a shiga taro sai da na gida. A 2021 gwamnan tsibirin ya umarci ma'aikata su riƙa sa yadinsu na endek duk ranar Talata. Ƙaramar hukuma ɗaya a kudancin Katsina, ko makarantun Islamiyya na gari ɗaya a ranar sauka, za su iya yin irin wannan da saƙi ko rinin gida, a yankin da har yau ake noman auduga kuma akwai masaƙar zamani a Funtuwa.

Kaka kuwa tana da ginshiƙin da ba malamin da zai ja da shi, wato zakkar amfanin gona, wadda lokacinta shi ne girbi. A kan wannan za a iya kafa yinin kaka na kowace gunduma inda tsaro ya samu: da safe a auna zakka a raba wa mabuƙata a idon jama'a, a karrama manomin da ya fi da matashin da ya fi taimakon gonakin marayu da gajiyayyu, da rana a yi kokawa da kasuwar maƙera da masassaƙa da masu faifai, mata su yi nasu a keɓe kamar yadda amada take tun asali, a ciyar da baƙi da tuwo da fate da fura, a watse kafin magariba. Muhimmin abu shi ne ranar ta tsaya, kowa ya san da zuwanta tun damina, kuma samarin gari su riƙe shirinta da asusunta, ba ɗan kwangila ba. In mai sana'a ya tabbata akwai ranar da za a nemi kayansa, zai zauna ya yi, zai kuma koya wa ɗansa.

Kirana ga Sarkin Maska da Galadiman Katsina da sauran hakimai da dagatan kudancin Katsina shi ne su zauna da malaman kowane ɓangare su tsayar da wannan rana, a fara ko da a gunduma ɗaya ce. Sassan nazarin Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Ahmadu Bello kuma su tura ɗalibansu Maska da Gozaki da ƙauyukan Ƙafur da Bakori da na'urar ɗaukar magana, domin waɗanda suka riƙe sarautar kalankuwa da waɗanda suka iya kaɗi da mazari duk tsofaffi ne yanzu, kuma kowace shekara raguwa suke yi.